Araha Mai Sharaɗi Ko Tsada Mai Sassauci: Abin Da Fasa Oda Ke Ci A Kasuwar Intanet

A ƙaddara shaguna biyu ne a intanet suke sayar da kyamara iri ɗaya, ƙirar kamfani ɗaya. Na farko ya sa mata dala 1,000, na biyu ya sa 1,060. Ido zai fara sauka kan na farko, kuma ba laifi. Sai dai can ƙasan shafinsa, cikin ƙananan rubutun nan da ba kowa ke tsayawa karantawa ba, akwai sharaɗi: duk wanda ya buɗe kwali sannan ya ce ya fasa, za a cire masa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da sunan kuɗin mayar da kaya sito, kuma shi zai biya kuɗin aike na mayarwa. Shago na biyu kuwa cewa ya yi a dawo masa da kayansa cikin kwana 30, ba zai cire ko sisi ba.

Lissafin ba shi da wuya. In ka saya a shagon farko ka riƙe kayanka, ka tsira da dala 60. In ka mayar, an cire maka 150, ka ƙara 40 na aike a misali, asarar 190 ke nan, ga shi babu kyamara a hannu. A shago na biyu mayarwa ba ta ci maka komai. Idan aka ɗora ribar 60 da asarar 190 a kan sikeli, suna daidaita ne a wajen ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, matuƙar kana ganin a cikin sayayya huɗu irin wannan za ka iya fasa ɗaya, to shagon mai tsada ne ya fi maka araha. In kuwa bai kai haka ba, je ka wurin mai sharaɗi hankalinka kwance.

Matsalar ita ce mutane kan yi wa kansu kyakkyawan zato a daidai wannan gaɓar. A lokacin da sha'awar kaya ta kama mutum, ba ya hango ranar da zai ce bai yi masa ba. Don haka gara a duba irin kayan, ya fi a tambayi zuciya. Wanda tsohuwar na'urarsa ta lalace yake neman irinta sak, ya san nauyinta, ya san maɓallanta, wannan da wuya ya fasa, sharaɗin cire kuɗi ba zai taɓa shi ba, ya ɗauki araharsa. Haka wanda ya riga ya riƙe kayan a hannu a wani wuri. Amma takalmi, da riga, da duk abin da launi ko girma ko yadda ya zauna a jiki ke yanke hukunci a kansa, da kujerar da ba a auna ƙofar da za ta shiga ba, da kyautar da za a saya wa wani ba tare da sanin ra'ayinsa ba, waɗannan duk sayayya ce ta mai shakka ko da shi bai sani ba. A nan ne ake cewa araha ba ta ado, kuma ni a irin waɗannan kaya ba na ba kowa shawarar ya bi shago mai cire kuɗi sai in bambancin farashin ya yi yawa ƙwarai.

Kafin a ɗauki mai cire kuɗin a matsayin azzalumi, yana da kyau a ga abin da ke faruwa da kwalin da ya dawo. Ba ya komawa kan kanta kai tsaye. Ma'aikaci zai yanke salatif, ya duba lambar da ke jikin na'urar ya ga ko ita ce aka aika, domin akwai masu musanya sabuwa da tsohuwa. Zai ƙirga caja da batir da murfin gilashi da takardar garanti. Zai kunna ya gwada, in akwai hotuna ko bayanan wani a ciki ya goge, ya share zanen yatsu daga allo. Bayan duk wannan wahala, in hatimin kamfani ya riga ya yage, ba shi da ikon sayar da ita a matsayin sabuwa. Dole a liƙa mata alamar an buɗe kwali, a karya farashi. Kuɗin da aka biya wajen aika ta da farko ya tafi. Akwai kuma kamashon kamfanin da kuɗi suka bi ta hannunsa, wanda kan kai kusan kashi 3 cikin 100. PayPal, alal misali, tun 2019 ya daina mayar wa 'yan kasuwa wannan kamasho idan sun mayar wa mai saye kuɗinsa. Ba kuma ƙaramin abu ba ne in aka tara: ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta NRF ta ƙiyasta cewa a 2023 an mayar da kayan da suka kai dala biliyan 743 a ƙasar, kashi 14.5 cikin 100 na cinikin shekarar, a cinikin intanet kuma kason ya kai 17.6. Shagon da ya ce mayarwa kyauta ce bai kuɓuta daga wannan asarar ba, ya raba ta ne a kan farashin kowa, har da waɗanda ba su taɓa mayar da komai ba.

Shi ya sa manyan kamfanoni ma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Apple ya kasance yana cire kashi 10 cikin 100 a kan kayan da aka buɗe, sai ya daina a watan Janairun 2011. Best Buy, shagon kayan lantarki na Amurka, ya daɗe yana cire kashi 15 a kan wasu kaya masu tsada irin su manyan kyamarori da gilasansu da ƙananan jirage marasa matuƙi, amma ba ya cirewa in ba a buɗe kwalin ba. eBay ya hana masu sayarwa a dandalinsa karɓar kuɗin mayarwa sito a 2018, ya bar wa wasunsu damar cire har rabin kuɗin idan kayan ya dawo a lalace ko an yi amfani da shi. A dandalin Amazon na Amurka, ɗan kasuwa ba ya cire komai in kaya ya dawo cikin wa'adi kuma yadda ya tafi, amma yana iya cire har kashi 20 in wa'adi ya wuce, har kashi 50 in an ci amfaninsa ko an ɓata shi. Masu sayar da tufafi kuma wata hanya suka bi: a 2022 Zara ya fara karɓar fam 1.95 a Birtaniya daga mai mayar da kaya ta hanyar aike, ya bar mayarwa a shago kyauta. Wanda ya lura zai ga galibi inda aka dosa wuri ɗaya ne, wato a ɗaure cirewar da halin da kayan ya dawo a ciki. Wannan shi ne tsarin da na yarda da adalcinsa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne kashi ɗaya tak ga kowa, wanda ya mayar da kwali a liƙe da wanda ya kwana bakwai yana amfani da kaya a yi musu kuɗin goro.

Akwai wani rabe-rabe da ya gabaci duk wannan lissafi, kuma rashin gane shi ne ke haddasa yawancin rigingimu. Mayar da kaya saboda aibi daban, mayarwa saboda sauya ra'ayi daban. Malaman fiƙihu ma tun da can sun raba su: mayarwa saboda aibi haƙƙin mai saye ne, warware cinikin da ya riga ya faɗa ba tare da wani aibi ba kuwa sai da yardar mai kaya. Idan abin da aka kawo maka a karye yake, ko ba shi ka yi oda ba, ko bai dace da bayanin da aka rubuta ba, babu dalilin a cire maka komai, kuɗin mayarwar ma mai kaya ya kamata ya ɗauka. Dokar Birtaniya ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya ƙi kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa cif. A Tarayyar Turai garantin doka na aƙalla shekara 2 yana kan mai sayarwa. Duk shagon da ya ce zai cire kashi 15 a kan kayan da ya iso a lalace, yana so ne ka biya kuskurensa, kada ka yarda. Maganar kuɗin mayarwa sito tana tasowa ne kawai in kaya lafiyarsa lau, kai ne ka fasa.

Ko a nan ɗin ma, dokar wurin da ake cinikin ita ke da ta cewa, kuma bambancin yana da girma. A Tarayyar Turai, dokar haƙƙin masu saye ta 2011, wadda ta fara aiki ranar 13 ga Yunin 2014, ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 daga ranar da kayan ya shiga hannunsa ya fasa ba tare da faɗin dalili ba. Birtaniya tana da irin wannan a ƙa'idojinta na 2013, kuma ba ta soke su ba bayan ta fita daga Tarayyar. A cikin wannan wa'adi shago ba shi da ikon karɓar kuɗin mayarwa sito, komai abin da ya rubuta a shafinsa. Zai mayar da kuɗin kayan haɗe da kuɗin aiko na yau da kullum; in kai ka zaɓi aike na gaggawa, ƙarin yana kanka. Kuɗin mayarwa ma yana kanka, sai in shagon ya ɗauka ko bai sanar da kai tun farko ba. Shagon da ya ɓoye wa mai saye cewa yana da wannan haƙƙi, wa'adin fasawa na mai sayen yana ƙaruwa da wata 12. Ƙasar Sin tana ba da kwana 7 tun 15 ga Maris na 2014, mai saye ya biya kuɗin mayarwa. Brazil ma kwana 7 ne a dokarta ta 1990.

Amurka daban take. Babu dokar tarayya da ta ba mai saye ta intanet haƙƙin fasawa don ya sauya ra'ayi. Sharaɗin shago ne ke aiki, muddin an bayyana shi. Wasu jihohi sun tsananta a kan bayyanawar. A Kalifoniya, shagon da ba ya mayar da cikakken kuɗi ko canji cikin kwana 7 wajibi ne ya nuna tsarinsa a fili, in bai yi ba mai saye na iya mayar da kaya cikin kwana 30 ya karɓi kuɗinsa duka. Abin da dokar tarayya ta tsare shi ne jinkiri: ƙa'idar FTC, hukumar tarayya mai kula da ciniki, ta ce mai sayarwa ya tura kaya cikin lokacin da ya yi alkawari, in bai faɗi lokaci ba cikin kwana 30, in ya gaza kuma ya sanar da mai saye ya ba shi zaɓin sokewa a mayar masa da kuɗinsa cikakke. Saboda haka wanda ya soke oda don an wuce ranar da aka yi masa alkawari ba ya cikin sahun masu sauya ra'ayi.

Kada kuma a ɗauka dokar Turai ta sakar wa mai saye mara ya yi yadda ya ga dama. Ta ba shi izinin duba kaya gwargwadon yadda zai duba a shago, ya ga yanayinsa da yadda yake aiki. Abin da ya wuce haka, in ya rage darajar kayan, shago na iya cire daidai ragin. Gwada riga a gaban madubi yana cikin izini, zuwa biki da ita ba ya ciki. Akwai kuma kayan da aka keɓe gaba ɗaya: abin da ke saurin lalacewa, abin da aka liƙe don tsabta ko lafiya idan an ɓare shi, faifan manhaja ko na waƙa da aka cire wa hatimi, da abin da aka ƙera bisa ma'aunin mutum ko zaɓinsa. Kotun Tarayyar Turai ta sha zama a kan iyakokin nan. A watan Maris na 2019 ta yanke cewa wanda ya sayi katifa ta intanet yana iya mayar da ita ko ya cire ledar da aka naɗe ta, domin ana iya tsabtace katifa a sake sayarwa. A Oktoban 2020 kuma, a wata shari'a daga Jamus kan kayan kicin da aka yi oda bisa ma'auni, ta ce kayan da za a ƙera wa mutum musamman ba a fasa su, ko da mai ƙirar bai ɗaga guduma ba tukuna. Wannan hukunci na biyu ya cancanci a riƙe shi: zobe mai suna, labule mai ma'auni, kwamfutar da aka haɗa maka bisa zaɓin da ba na kowa ba, lokacin tunani a kansu shi ne kafin a danna maɓallin biya. Kuma duk waɗannan haƙƙoƙi na mai saye ne daga ɗan kasuwa. Sayayya tsakanin kamfani da kamfani, ko daga hannun mutumin da ba sana'arsa ba ce, ba ta ciki.

To, a ce aikin gama ya gama, ka biya, nadama ta zo. Hanyoyin fita ba ɗaya suke ba wajen tsada, kuma abin da ya fi raba su shi ne lokaci.

Mafi sauƙi ita ce sokewa kafin kaya ya bar sito. A wannan lokaci ba a yage hatimi ba, ba a biya ɗan aike ba, asarar shago ba ta wuce kamashon karɓar kuɗi da ɗan aikin da aka yi ba. Manyan shaguna galibi ba sa cire komai. Ƙaramin ɗan kasuwa in ya ce zai cire kashi 3 na kamasho, kuma ya rubuta hakan tun farko, magana ce mai kan gado. In ya ce kashi 20 a kan kayan da bai motsa daga kanta ba, wannan tara ce kawai, babu siton da aka mayar da komai. Abin da ake buƙata a nan hanzari ne, domin manyan sito kan naɗe oda cikin 'yan sa'o'i. Ka danna maɓallin sokewa in akwai, sannan ka bi da saƙon imel mai ɗauke da lambar oda da jimla ɗaya bayyananniya cewa ka soke. Kiran waya kaɗai ba ya barin shaida. Ka kuma duba shafin bin sawun kaya da kyau: sau da yawa abin da yake nunawa shi ne an buga takardar adireshi kawai, ba a miƙa kwalin ga kamfanin aike ba. In haka ne, ka ɗauki hoton allon da lokacin a jiki, domin shi zai raba gardama idan daga baya aka ce maka kaya ya riga ya tafi.

Hanyar da mutane suka fi ɗauka mai sauƙi ce, alhali ita ta fi haɗari, ita ce ƙin karɓar kaya a ƙofa, ko a bar shi a ofishin aike har wa'adi ya ƙare. Mutum yana ganin tun da bai taɓa kwalin ba, babu ruwansa. Ba haka abin yake ba. Ko a Turai, inda doka ta fi tausaya wa mai saye, fasawa tana buƙatar bayani ƙarara. Ƙin karɓa shi kaɗai ba sanarwa ba ne. Kwalin zai kwana a ɗakin ajiyar kamfanin aike, ya koma ta hanyar da ba kai ka zaɓa ba, a farashin da ba kai ka sasanta ba, kamfanin aike ya caji mai kaya, mai kaya ya cire daga kuɗinka. Babu rasit a hannunka, babu lambar izinin mayarwa a jikin kwalin, don haka yana iya isa sito ba a san na wa ne ba, ya zauna makonni. In ya ɓace a hanya, ba ka da abin nunawa. Idan daga wata ƙasa kayan ya taso, abin ya fi muni, domin kuɗin mayarwa na iya fin darajar kayan, a watsar da shi ko a lalata shi, kuɗin kwastan da ka biya kuma ba a hannun mai kaya yake ba balle ya mayar maka. Wuri ɗaya ne nake ganin ƙin karɓa ya dace, shi ne in kwalin ya iso a murƙushe ko a jiƙe ko a buɗe. Nan ma ka ɗauki hoto a gaban mai kawowa, ka sa a rubuta dalili, ka sanar da shago a ranar.

Karɓa a mayar bisa ƙa'ida ta fi wahala a ido, amma ita ke barin ragama a hannunka. In ka riga ka yanke shawarar fasawa, kada ka buɗe kwalin ko don leƙe. A shaguna da yawa hatimin nan shi ne iyaka tsakanin cikakken kuɗi da ragagge. In dole sai ka duba, ka buɗe kamar kayan aro. Ka bi layin salatif da reza a hankali, kada ka yage kwali. Ledar da ke kan allo ka bar ta. Ƙananan wayoyin da aka ɗaure igiyar caja da su, da kumfar da aka tokare gefe da ita, da 'yar takardar garanti, ka tara su wuri ɗaya. Kada ka yi wa na'ura rajista da sunanka, kada ka sa mata layi. Kafin ka rufe, ka ɗauki hoton kayan ta kowane gefe tare da lambar jikinsa. Ka nemi lambar izinin mayarwa in shagon yana bayarwa, ka aika ta hanyar da ke da lambar bin sawu, ka adana rasit. A Turai kwana 14 ne kake da su na tura kayan bayan ka sanar, shago kuma na iya riƙe kuɗin har kayan ya isa ko ka nuna shaidar turawa. Yana da kyau kuma a tambaya ko za a yafe cirewar in ka yarda da canji ko a ajiye maka kuɗin don wata sayayya. Shaguna da yawa suna yarda. Amma wannan na wanda ya tabbata zai sake saye a wurin ne.

Akwai kuma riƙe kayan a sayar da shi. Mutane kan manta da wannan, alhali a kaya masu nauyi irin su firji ko kujeru kuɗin mayarwa kaɗai na iya fin cirewar. In jimlar asarar mayarwa ta kusa kashi 20, kuma kayan sabo ne a kwalinsa mai farin jini, karya kashi 10 ka sayar wa wani ya fi. Sai dai a duba ko garantin yana bin kayan zuwa hannu na biyu, don kada a sayar wa mutum abin da babu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato nauyin da ke kan mai saye. A yawancin dandali, in za ka mayar da kaya ana tambayarka dalili. Wanda ya zaɓi cewa kayan bai dace da bayani ba, ko yana da aibi, ya kuɓuta daga kuɗin aike da duk wata cirewa. Mutane sun gane haka, sai wasu suke zaɓar wannan dalili alhali sun san ra'ayi kawai suka sauya. Ƙarya ce, kuma tana da wanda take cutarwa. Sau da yawa ba katafaren kamfani ba ne a ɗaya gefen, mutum ɗaya ne ko iyali da ke naɗe kaya da hannunsu. Zai biya aike zuwa da dawowa, a kuma ɗiga masa baƙin maki a dandalin, makin da in ya taru kan sa a tura kayansa can ƙasan jeri ko a rufe masa shago. Haka wanda ke sayen kaya don buƙatar kwana biyu, kyamara don wani taro ko riga don wani buki, da niyyar mayarwa tun ranar saye. Wannan haya ce ba a biya ba. Irin wannan hali ne ya sa ake ƙara tsananta sharuɗɗa a kan kowa. ASOS, shagon tufafi na intanet, tun 2019 ya sanar cewa yana iya rufe asusun wanda aka ga mayarwarsa ta saba hankali. Mai gaskiya ne ke biyan kuɗin wannan tsanani, shi da zai mayar da abu sau ɗaya bisa larura.

Sauya ra'ayi ba laifi ba ne. Ɗan Adam ne, kuma wanda bai taɓa kaya da hannu ba ya fi kowa uzuri. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya karanta sharaɗi kafin ya biya, ya auna abin da ke buƙatar awo, ya sanar da wuri, ya faɗi dalilin gaskiya, ya mayar da kaya yadda ya zo, in kuma fasawarsa ta jawo asarar da aka gaya masa tun farko, ya ɗauke ta ba tare da zagi ba. A ɗaya gefen, mai kaya ba shi da hujjar cirewa sai ya cika nasa: ya nuna sharaɗin a inda ido zai gani kafin biya, ya faɗi adadin a fili, kuma adadin ya yi kama da asarar gaske. Jimla irin ta "ana iya cire wani kaso" ba tare da lamba ba, alama ce ta shagon da za a yi hattara da shi. Ka rubuta ka tambaya nawa ne kuma a wane hali, ka adana amsar. Shagon da ya ƙi amsa wannan kafin ya karɓi kuɗinka ba zai fi haka sauƙin kai ba bayan ya karɓa.

Idan an riga an cire maka abin da kake ganin ba daidai ba ne, a fara da shagon, cikin ladabi kuma a rubuce. Ka nemi ya nuna maka inda sharaɗin yake a ranar da ka saya, ya kuma fayyace abin da aka cire da dalilinsa. In ya ce kaya ya dawo a lalace, ya turo hoto ka gwada da naka. In bai warware ba, kuma ta wani dandali ka saya, ka shigar da ƙorafi a can kafin wa'adinsu ya ƙare, kada kuma ka yarda a ja ka zuwa sasantawa a wajen dandalin, domin kariyarsu ba ta bin ka can. Banki shi ne mataki na ƙarshe. Mai katin bashi a Amurka yana da kwana 60 daga ranar da aka aiko masa takardar lissafi ya ƙalubalanci kuskure a rubuce, a Birtaniya kuma dokar 1974 ta ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da farashinsa ya haura fam 100 har zuwa 30,000 idan an saba yarjejeniya. Wannan hanya an yi ta ne don kayan da bai iso ba, ko mai aibi, ko kuɗin da aka yi alkawarin mayarwa aka ƙi, ko cirewar da ba a taɓa bayyanawa ba. Banki zai tuntuɓi mai kaya ya ji nasa, in ya kawo shaidar cewa ka amince da sharaɗin kashi 15 kafin ka biya, za a bar masa kuɗinsa, shagon kuma na iya daina ciniki da kai.